Shekarar da Uwar Ganga Ta Ji Ƙishi

Jikata Rifkatu, wadda nake kira amarya tun tana cikin zanen goyo, ita ta jawo wannan rubutu. Tana uni, wato jami'a, a unguwar Edgbaston ta Birmingham, tana karanta wani abu mai dogon suna game da sinadarai, kuma tun da ta shiga shekara ta biyu babu abin da ya rage a duniya wanda ba ta sani ba. Wata Lahadi bayan coci muna cin tuwo a flat ɗin uwarta, ƙawayenta biyu suna nan, sai ɗaya ta tambaye ta wane aiki kakanta ya yi. Ta ce, "Grandad? Zuba abu yake yi daga babban mazubi zuwa ƙaramin mazubi. For thirty years." Suka tuntsire da dariya har da tafawa.

Na ce, "Amarya, sakin da na daɗe ina yi miki barazana da shi yau ya tabbata. Kwashe kayanki."

Ta ce, "Ai ni na fara sakinka, tsoho. Miƙo miya."

Shi ne na ce bari in zauna in rubuta muku, ku yaran da kuke ganin kwalaba a kanti kuna tsammanin a bishiya ta tsiro. Ilimina firamare bakwai ne da aji biyu na sakandare, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya kira ni a waya.

Sunana Istifanus, mutumin Wusasa ta Zariya. Na zo ƙasar nan a matsayin direba kuma kukun wani malamin jami'a da ya zo ƙaro karatu. Ya gama ya koma, ni kuma na ce zan biyo shi bayan wata uku. Wata ukun ne har yau bai cika ba. Na faɗa Manchester, ina dakon kwalayen takalma a rumbunan kaya na Cheetham Hill. Wata safiya na tarar da wani gajeren tsoho mai gashin baki yana zagin motarsa da wani yaren da ban taɓa ji ba. Na buɗe gaban motar, na ɗaure wata waya da ta kwance, ta tashi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana shan giya?" Na ce sai ɗan kurɓin Jibin Ubangiji ranar Lahadi. Ya ce, "Madalla. Mai sha ba ya daɗewa a wurina. Biyo ni Birmingham."

Sunansa Andreas, ni kuwa na mayar da shi Andarawus yadda muke faɗa a gida, har ya mutu yana amsawa. Mutumin tsibirin nan ne da muka sani a coci da sunan Kubrus. Sana'arsa ɗaya ce tal: ruwan inabi mai zaƙi da ƙarfi na ƙauyensu, wanda 'yan uwansa ke aiko masa a gangunan katako ta jirgin ruwa, shi kuma ya rene shi, ya zuba a kwalabe, ya sayar wa coci-coci da mutanen ƙasarsu. Wurin aikin yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wani dogon rami mai sanyi da duhu. Duk lokacin da jirgi ya wuce ta kanmu sai ƙura ta zubo mana a wuya.

Aikin farko da aka ba ni wankin ganga ne. Ba irin wankin da kuka sani ba. Za ka zuba ruwa da tiyo, ka zura sarƙar ƙarfe a ciki, ka toshe, ka yi ta gangara gangar gaba da baya har sarƙar ta kankare abin da ya manne a ciki. Ka zubar, ka sake, ka sake. In ruwa ya fito fes, sai ka ƙona farar wuta a cikinta ka toshe bakin, kana tari kana hawaye. Kwana biyu na yi na gama guda biyar da aka nuna mini. A rana ta uku na ce bari in burge maigida. A can ƙarshen ramin akwai wata ganga baƙa wuluk, ta fi sauran girma, yanar gizo-gizo ta lulluɓe ta, a samanta an rataye wani ɗan hoto da 'yar fitilar mai. Na ce a raina, dubi ƙazanta, mutanen nan ba su da ɗan Wusasa ne shi ya sa. Na sa gudumar katako na buge toshin, na zura tiyo, na juya na nufi famfo.

Matar maigida, Mama Eleni, ita Allah Ya kawo. Ta shigo da tiren kofi. Matar ba ta kai kafaɗata ba, amma na ji tire ya tarwatse, na waiga na gan ta ta yi tsalle ta dira a kan tiyon da ƙafa biyu, tana ihu kamar an ce gobara. Hannuna yana kan famfo. Da na murɗa, da wannan labarin a nan ya ƙare, da kuma ban san a wace maƙabarta zan kwana ba.

Andarawus bai ɗaga murya ba. Ya zare tiyon a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri, ya mayar da toshi, ya zaunar da ni a kan akwati. Ya kawo ƙananan kofuna uku. Na farko sabon zuwa ne: zaƙi kamar mazarƙwaila, ga zafi yana bin maƙogwaro. Na biyu ya shekara uku, ya ɗan yi hankali. Na ukun kuwa daga baƙar gangar ya ɗebo shi. Ya ɗaga shi gaban kyandir, na ga launinsa kamar zumar da ta daɗe a tulu. Tun kafin ya kai bakina na ji dabino, na ji goruba, na ji ƙamshin ɗakin kakata inda take ajiye tsamiya da zuma. Na kurɓa. Ban san lokacin da na cire hulata ba.

Ya ce, "Wannan ita ce Uwa." Kakan kakansa ne ya fara cika wani babban tulu a ƙauye, kuma tun daga ranar ba a taɓa ƙarar da shi ba. Kowace shekara a ɗebi kashi ɗaya cikin uku, a mayar da sabo, tsohon ya koya wa sabon hankali. Da zai baro gida, daga wannan tulun aka cika masa wannan gangar, ya hau jirgin ruwa da ita, yana kwana a gefenta. Ya ce, "A cikin abin da ka haɗiya yanzu akwai ɗigon da aka matse kafin a haifi kakana. Shi ka so ka yi wa wanka da ruwan famfon council."

Sannan ya kama kunnena, ni da nake da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, ya ce, "Kada ka taɓa wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuma kada ka ɗiba sai abin mayarwa ya iso bakin ƙofa, ka taɓa shi da hannunka."

Shekara biyu na yi kafin a bar ni in riƙe ɓarawo. Haka suke kiran wani dogon bututun gilashi da ake zurawa ta bakin ganga, a toshe samansa da babban yatsa a ɗauko ɗan kaɗan don dubawa. Kafin nan kunne aka fara koya mini. Ka ƙwanƙwasa ganga da gaɓar yatsa daga sama zuwa ƙasa. Inda take cike, amsa take a taƙaice kamar dattijo. Inda babu komai sai ta yi ta ƙara kamar ɗan siyasa. Tsakanin dattijon da ɗan siyasar, nan ruwan inabin ya tsaya, kuma dole ka gane wurin ba tare da ka buɗe ba, domin duk buɗewa iska ce ke shiga, iska kuwa ita ce mutuwar wannan kaya. Katako ma yana shan rabonsa, duk wata sai abin ya ragu da ɗan yatsa, ka cike. In ka ga ganga tana gumi a tsakanin katakai, ka sassauta ɗamarar ƙarfenta, ka cusa busasshiyar ciyawar fadama, ka mayar ka buga. Hanci kuma shi ne alƙali. Na daina shafa turare, na daina cin yaji da safe. Wanda ya san Bazazzagi da yaji ya san na yi sadaukarwa.

Ranar zuba kwalabe aikin mutum uku ne. Ni ina tiyo da mazurari, Mama Eleni tana buga toshiya, maigida yana tsoma kan kowace kwalaba a narkakken kaki ja. Ba a magana. In jirgi zai wuce sai mu dakata, don girgizarsa tana tayar da laka daga gindin ganga.

Sau ɗaya ya kai ni ƙauyensu lokacin girbi, kuma abin da na gani can shi ya sa har yau ba na iya jefar da ƙwayar inabi ko ɗaya. Ni ɗan manomi ne, na san ƙasa mai kyau. Wannan kuwa ba ƙasa ba ce, farin dutse ne a kan tudu, rana tana dukansa har ido ba ya buɗuwa. Ko akuya ta ga wurin sai ta yi tsaki. Amma a nan itatuwan inabin suke, gajeru a tsugune kamar tsofaffi a wurin zaman makoki, ba mai ba su ruwa ko ɗigo. Na tambayi wani tsoho me suke sha. Ya nuna ƙasa da sandarsa, ya nuna tsayinsa, ya sake nunawa, ya sake, wato saiwar ta ninka tsayin mutum tana neman danshi. Iri biyu ne, fari da baƙi. Ba a tsinke su sai sun wuce nuna, sun kai inda mai sayar da kayan marmari zai ce sun lalace.

Sannan a yi shanya. Kun san yadda ake shanya tumatir da tattasai a bakin titi tsakanin Zariya da Kano? To haka, amma tudu guda. A shimfiɗa nonon inabin ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya hau wani, mako ɗaya ko biyu, mata suna bi a durƙushe suna juya kowanne da hannu, suna tsince wanda ya ruɓe. Zanzaro da ƙudan zuma sun yi baƙi a kai. An ba ni layi ɗaya in juya, kafin azahar yatsuna sun manne da juna, zanzaro ya harbe ni sau huɗu, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta gama layi uku tana yi mini dariya da bakinta babu haƙori. Duk ƙauyen ido yana sama. Ko ɗan gajimare kamar tafin hannu ya ɓullo sai hira ta mutu, domin ruwan sama na rabin awa a kan wannan shanya ya isa ya cinye wahalar shekara.

In inabin ya yanƙwane ya kusa zama zabibi, sai a matse. Kwando guda da jaki ya hauro da shi yana nishi, abin da zai fito daga cikinsa bai kai ka yi wa jariri wanka ba, kuma ba zuba yake yi ba, tsiyaya yake kamar zuma. A bar shi ya tafasa da kansa a hankali har zaƙi ya fi ƙarfinsa ya gaji. Sai a ƙara masa barasar da aka tace daga inabin nan dai, ita ce ke tsayar da shi ta ba shi ƙashin baya, ya iya daɗewa fiye da wanda ya matse shi. Na tsaya a bakin matsewar nan na ce, ashe rana ce muke sayarwa a Birmingham, garin da ba ya ganinta.

Na dawo da buhun zabibi, na kai wa maƙwabcina Dakta Sani, Bakano, likita a babban asibitin Edgbaston. Ya ce, "Sarkin Ganga, ni a nan zan tsaya, a kan zabibi. Ƙarashen tafiyar taku ce, ku Zage-zagi dama ba ku san inda ake tsayawa ba." Na ce, "Ai Bakano ba ya ƙin kyauta, ko da daga bakin rami ta fito." Duk azumi sai ya aiko a tambaya ko akwai saura.

Kowace Alhamis ina loda van, motarmu ta kaya, in nufi Manchester. Coci-coci su ne manyan masu saye, sai masu shagunan kifi da dankali, waɗanda yawancinsu mutanen Kubrus ne. Suna da wata al'ada: ranar da aka yi wa jariri baftisma, uba ya sayi kwalaba ɗaya ta Uwa, a rubuta sunan yaron a jiki, a ɓoye a saman kabad sai ranar aurensa. Ni nake rubuta sunayen, ina kwaikwayon haruffansu kamar mai zanen lalle. Abin ya shiga raina, har da aka haifi Rifkatu ni ma na sayi tawa na rubuta.

To, sai shekarar da nake so in ba ku labari. Andarawus ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti wata da watanni. Ɗansa Nikos, haihuwar Birmingham, ya karɓi wurin. Yaron kirki ne, amma gaggawa gare shi kamar mai jin fitsari. Kirsimeti ya matso, ƙananan ganguna duk sun ƙare, masu saye suna ta bugo waya. Nikos ya kira ɗan baffansa a ƙauye, aka ce sabon kaya yana hanya. Bayan mako biyu aka ce yana tashar jirgin ruwa. Nikos, wanda a bakinsa Istifanus ya koma Steve, ya ce, "Uncle Steve, it's on the way. Mu ɗebi kason Uwa yanzu, in ya iso mu mayar."

Ba zan ɗora wa yaron ba. Kunnena aka kama, ba nasa ba. Ni na buge toshin, ni na zura tiyo, na ɗebi kashi ɗaya cikin uku cif, abin mayarwa bai iso bakin ƙofa ba.

Sai bayan sabuwar shekara ɗan baffan ya faɗi gaskiya yana kuka a waya. Ruwa ya sauka a kan shanya kwana biyu a jere, inabin duka ya yi fumfuna, ko ganga ɗaya ba a samu ba. Kunya ce ta hana shi faɗa, ga baffansa kwance a asibiti.

Ga abin da ke faruwa da gangar da aka bari da ƙishi. Katakan sama, waɗanda ruwan inabi ya daina taɓawa, sai su bushe su tsuke, ƙofa ta buɗu a tsakaninsu, iska ta shiga. Ba a rana ɗaya ba. A hankali abin da aka yi shekara sama da ɗari ana reno zai fara tsami. Na samo buhunan algarara ina jiƙawa ina lulluɓa mata safe da yamma, ina ƙara buga ɗamara. Duk da haka, wajen farkon azumin Ista, na sa hanci a bakin toshi na ji wani ɗan kaifi can ƙasa, kamar an yanka lemon tsami a ɗaki na uku.

Nikos ya kawo shawara biyu. Ko dai mu zuba ta duka a kwalabe mu sayar kafin ta lalace, ko mu sayo ruwan inabi mai zaƙi na kasuwa mu cike ta. Ya ce ba wanda zai gane. Mama Eleni ta ce masa wani abu da yarensu, ban ji ba amma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Abin da ya zo mini a rai na gida ne. Muna yara an yi fari, babanmu ya rasa irin dawarsa, wata kaura da ya gada. Bai je kasuwa ba. Ya ɗauki ƙwarya ya bi gidajen duk waɗanda ya taɓa ba irin nan a shekarun baya, wannan ya ba shi tafi ɗaya, wancan rabin tiya, har ya haɗa abin shuka. Yakan ce wanda ya ba maƙwabci iri, ajiya ya yi. Na ce wa Nikos, "'Ya'yan Uwa suna nan a saman kabad-kabad daga nan har Manchester. Ni na rubuta sunayensu. Mu je mu roƙo."

Ya ce, "Mu masu sayarwa ne, Uncle Steve. Ba a taɓa yin shagon da ke bin mutane yana roƙon kayansa ba."

Na ce, "Yau za a fara."

Mama Eleni ta ɗauki jakarta ta hau gaban van.

Gidan farko a Cheetham Hill ne, na wani mai shagon kifi da ake kira Kostas, mutum mai ƙaton ciki da baƙar magana. Ya saurare mu yana juya dankali a mai. Ya ce, "Wato kai ka yi ɓarnar, ni zan biya da kwalabar auren ɗana?" Na ce haka ne. Ya ce, "Ɗan nawa shekararsa talatin da takwas, yana sama yana buga wasan kwamfuta. In na jira aurensa kwalabar ce za ta binne ni." Ya hau sama ya sauko da uku, har da ta 'yarsa. Ya ce, "Ka gaya wa Andreas ina bin Uwa ziyara."

Limamin cocinsu na Manchester, wani dogo mai farin gemu har ƙirji, shi ya fi ba ni mamaki. Kwali biyu muka kai masa kafin Kirsimeti, kuma Ista ce ke tafe, lokacin da cocin ke cika har waje. Su a wajensu ana ƙara ɗan ruwan ɗumi a ƙoƙon Jibi. Ya sa aka fito da kwali ɗaya da rabi. Na ce, "Fada, Ista fa?" Ya shafa gemu ya ce, "Bana ruwan ɗumi zai ɗan yi yawa. Mai Sama Ya san dalili." Ranar Lahadi kuma ya yi sanarwa a coci, daga nan muka daina roƙo, sai karɓa.

Ba kowa ya bayar ba. Wata gwauruwa a unguwar Gorton ta ɗauko tata ta rungume, ta ce mijinta ne ya saya, hannunsa ne na ƙarshe da ya taɓa kakin. Mama Eleni ta sumbace ta a goshi muka fito. Wani kuma ya ba mu kwalabar da ya ajiye a kan hita shekara goma, na buɗe na shinshina, na yi masa godiya sosai, na zubar a kwata da muka sha kwana.

Domin ba a zuba kowace haka kawai. Mako uku muna wannan aikin. Kowace kwalaba sai na fasa kakin, na zare toshiya, na ɗaga ta gaban kyandir, na shinshina, na ɗiga a harshe. Wadda ta ci jarrabawa, Mama Eleni ta karanta sunan da ke jiki da ƙarfi, ni kuma in tsiyaya ta a mazurari a hankali ta gefen katako, don kada ta tayar da laka. Nikos, wanda ya ce ba a taɓa yi ba, shi ke wanke kwalaben yana jera su a kan kanta da sunayensu a waje. Bayan kowace goma in ƙwanƙwasa. Ɗan siyasa yana ja da baya, dattijo yana hawa. A ranar ƙarshe kwalabe suka ƙare, saura kamar faɗin yatsa biyu. Na hau bas na je gida, na taka kujera, na sauko da wadda aka rubuta wa Rifkatu. Ita ce ta kai ruwan har bakin toshi.

Bayan Ista aka sallami Andarawus. Dakta Sani ne ya tura kekensa har bakin mota, yana ce masa ya kula da wannan Bazazzagin kada ya shanye jari. Ba wanda ya gaya wa tsohon komai, amma bai yarda a kai shi gida ba sai da aka biya da shi ta rami. Muka tura shi har gaban Uwa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ƙwanƙwasa sama, ta amsa a taƙaice. Ya dubi kwalaben da ke jere a kan kanta, ya yi ta bin sunayen da ido, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Sannan ya nuna ɓarawo. Na ɗebo masa. Ya riƙe a baki har jirgi ya zo ya wuce.

Bakinsa ya karkace, magana tana yi masa wuya. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya ina tsammanin albarka zai sa mini. Sai ya kama kunnen nan dai na wancan karon, ya murɗa da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, ya ce, "Bakin ƙofa."

Na ce, "Na ji, maigida."

Da kaka ta zagayo rana ta yi kyau a ƙauye, ganguna suka iso, na taɓa su da hannuna kafin in taɓa guduma. Duk wanda ya ba da kwalaba an cika masa tasa an mayar, da sunan da komai. Tawa ce kaɗai na bari a kan kanta babu komai a ciki. Andarawus ya rasu bayan shekara huɗu. 'Yar Nikos ce ke riƙe da wurin yanzu, ni kuma gwiwa ta zaunar da ni, sai ranar Asabar nake leƙawa in ƙwanƙwasa in yi musu faɗa.

Da na karanta wa Rifkatu wannan rubutu, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Can ta ce, "Hang on. Wato kowa an mayar masa, ni ce ba ni da kwalabar aure?"

Na ce, "Kwalaba tana nan da sunanki. Abin cikinta yana wurin Uwa. Mai so ya je ya ɗebo da hannunsa, ai zubawa ce kawai daga babban mazubi zuwa ƙarami."

Asabar da ta wuce ta biyo ni, da farin takalminta. Na tsayar da ita gaban Uwa na ce ta nuna mini inda ruwan ya tsaya. Ta ƙwanƙwasa sama, ta ƙwanƙwasa ƙasa, ta manna kunne, gizo-gizo ya hau mata gashi. Ta koma kan wata ganga ta gwada, ta dawo.

Ta ce, "Kaka, duk ƙararsu ɗaya ce."

Na ce, "Haka ne, amarya. Dawo Asabar mai zuwa. Kuma kada ki shafa turare."